Na Biya An Rubuta Mini CV: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Wata huɗu ke nan da rasa aikina sa'ad da na yanke shawarar biyan wani kamfani ya sake rubuta mini takardar tarihin aikina, wadda kowa ya fi sani da CV. Na shekara tara ina kula da sito da sayen kayayyaki a wani kamfanin rarraba kaya, har ranar da aka tara mu aka ce ciniki ya ja baya, tsada ta yi yawa, dole a rage ma'aikata. Tun daga ranar nake aika takardun neman aiki safe da yamma, amma galibi abin da ke dawo mini bai wuce saƙon nan da na'ura ke turowa ba, mai cewa an karɓi takardata kuma za a neme ni idan na dace. Wannan shiru ya fi a ce maka a'a ciwo, domin wanda aka ƙi ɗauka ya san matsayinsa, shi kuwa wanda aka yi wa shiru sai ya koma zargin takardarsa da shekarunsa da iliminsa. A wannan hali tallar kamfanin ta same ni a intanet, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda irinsa suna da yawa kuma tsarinsu kusan ɗaya ne, ta yadda abin da zan faɗa zai amfani wanda ya nufi kowanne daga cikinsu. Ƙofar shiga kyauta ce. Mutum zai ɗora takardarsa a shafinsu, bayan kwana ɗaya ko biyu a aiko masa da rahoto ta imel ɗauke da maki da jerin kurakurai. Tawa ta samu maki 44 cikin 100, tare da gargaɗin cewa manhajar tantance masu neman aiki za ta yi watsi da ita tun kafin idon mutum ya kai kanta. Rahoton ya girgiza ni, kuma yanzu na san an tsara shi ne don ya girgiza mai karatu. Bayan an kammala aikin na karɓi sabuwar takardar da su da kansu suka rubuta, sai na ɗora ta a wannan shafi na kyauta da wani adireshin imel na dabam. Ta samu maki 52, da kusan kalmomin gargaɗi iri ɗaya, da shawarar in sayi hidimarsu don a ceto ta. Ya kamata mai karatu ya ɗauki wannan maki a matsayin talla, kada ya bari ya hana shi barci.

Hidimar kashi uku ce. Ƙaramar ta tsaya ga rubuta CV kaɗai, ta tsakiya ta ƙara wasiƙar neman aiki da gyaran shafin mutum a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, da damar neman gyara sau biyu, babbar kuma ta ƙara alkawarin gaggawa da marubuci mai dogon gogewa. Na zaɓi ta tsakiya. Kuɗin ba ƙarami ba ne ga wanda albashinsa ya tsaya, kuma sai da na yi kwana uku ina jujjuya lamarin kafin na biya.

Mafi alherin abin da na saya ya zo ne a cikin minti arba'in na hira ta waya. Kafin hirar an ba ni fom mai tsawo na cike, na kwafe abin da ke tsohuwar takardata kusan kalma da kalma, domin ban ga abin da zan ƙara ba. Matar da ta kira ni ta karanta fom ɗin da kyau, kuma tambayarta ta farko ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, ka rubuta cewa kai ke da alhakin kula da sito da ƙidayar kaya. Duk wanda ya taɓa riƙe wannan muƙami alhakinsa ke nan. Me ya canza a siton nan saboda kai ne a wurin?" Na yi shiru na ɗan lokaci, saboda a shekara tara ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kaina ita ba. Da ta ga na rasa ta inda zan fara, sai ta sauƙaƙa ta ce in tuna abin da na tarar yana ba kowa ciwon kai a watannina na farko, in faɗa mata ko yana nan har ranar da na bar wurin.

Daga nan ne abubuwa suka fara fitowa. Na tuna cewa na tarar ana ƙidaya kaya sau ɗaya a shekara, ana samun giɓi mai yawa tsakanin abin da ke littafi da abin da ke kan kanta, ni ne kuma na mai da ƙidayar kayan da suka fi fita ta zama ta wata-wata har giɓin ya zama abin da ake ganowa cikin mako. Na tuna cewa akwai kayayyaki uku da muke saye daga hannun mutum ɗaya, wanda idan ya yi jinkiri komai ya tsaya, na nemo na biyu, lokacin jiran kaya ya sauko daga mako uku zuwa kwana goma. Na tuna da ma'aikata shida da na koya wa aiki, biyu daga cikinsu suka zama shugabannin sito a wasu rassa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tsohuwar takardata, wadda ta cika da jerin ayyukan da aka ɗora mini ranar da aka ɗauke ni. Matar ta kuma gargaɗe ni kada in rubuta adadin da ba zan iya kare shi a gaban masu intabiyu ba, domin adadi shi ne abu na farko da suke kamawa su yi tambaya a kai. Wannan hira ta sauya yadda nake kallon aikina gaba ɗaya, kuma ta amfane ni a intabiyu fiye da yadda ta amfane ni a takarda.

Abin takaici shi ne daftarin farko da ya iso bayan kwana biyar bai yi kama da aikin wadda na yi hira da ita ba. Da alama mai tambaya dabam, mai rubutu dabam. An ɗaga muƙamina daga jami'in sito da sayayya zuwa manajan sarrafa kayayyaki, muƙamin da ban taɓa riƙewa ba. An sanya sunan wata babbar manhajar kamfanoni a jerin ƙwarewata alhali ban taɓa buɗe ta ba, an kuma buɗe takardar da sakin layi na kirari wanda zai dace da kowane mutum a kowace sana'a, mai cewa ni haziƙi ne mai hangen nesa mai kishin sakamako. Da na rubuta musu, amsar farko ita ce haka ake yi don takarda ta yi gogayya. Na ƙi amincewa, domin kamfanoni da dama suna kiran tsohon wurin aikin mutum su tabbatar da muƙaminsa da shekarun da ya yi, kuma ƙaryar da aka gano bayan an ɗauki mutum tana iya zama dalilin sallama. Sai da na ƙarar da damar gyarana guda biyu wajen cire abin da ban faɗa ba, maimakon in yi amfani da su wajen inganta abin da na faɗa.

Batun manhajar tantancewa ya cancanci a tsaya a kansa, tunda da shi ake tsorata mutane su buɗe aljihu. Gaskiya ne manyan kamfanoni suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday da Taleo da Greenhouse. Aikin farko na irin wannan manhaja shi ne ta karanta takardar ta rarraba abin da ke ciki zuwa gurabe, ta ware suna da muƙamai da shekaru da makarantu, ta ajiye su yadda jami'in ɗaukar ma'aikata zai iya bincikawa da kalma. A nan ne ado ke zama matsala, domin rubutun da aka jera ginshiƙi biyu ko aka saka a jadawali ko aka mai da shi hoto yana iya cakuɗewa, wani lokaci ma lambar wayar da aka ɗora a can saman shafi ta ɓace. Watsin da ake yi da mutum kai tsaye kuwa galibi yana zuwa ne daga tambayoyin da ake amsawa lokacin cike fom, kamar ko kana da izinin aiki a ƙasar, ko kana da shaidar karatun da ake buƙata, ko shekarun gogewarka sun kai. Adadin nan da ake yawo da shi, wai kashi 75 cikin 100 na takardu na'ura ke zubarwa, ya samo asali ne daga masu sayar da irin wannan hidima, kuma kamfanin da na biya shi ma ya ɗora shi a gaban shafinsa. Abin da ya fi faruwa shi ne takardu su yi yawa, mutum ɗaya ya duba waɗanda ya iya, ya samu waɗanda suka ishe shi, ya bar sauran.

A wannan fanni kamfanin ya yi daidai, kuma dole in ba shi haƙƙinsa. Tsohuwar takardata an tsara ta ne da wani samfuri mai launi, da hoto, da sanduna masu nuna wai ƙwarewata a lissafi ta kai huɗu cikin biyar, abin da ba ya nufin komai ga kowa. Sabuwar ginshiƙi ɗaya ce, baƙin rubutu a farar takarda, an fara da aikin ƙarshe aka yi baya, kuma an rage ta daga shafi huɗu zuwa biyu. Wani gwaji da kamfanin Ladders ya yi a 2018 ta hanyar bin motsin idon jami'an ɗaukar ma'aikata ya nuna cewa kallon farko da ake yi wa takarda bai wuce daƙiƙa 7.4 ba, kuma ko da mutum ya ɗauki adadin da taka-tsantsan, saboda shi ma kamfanin neman aiki ne, duk wanda ya taɓa zama gaban tulin takardu ya san rabin shafin farko ne ke yanke hukunci. An aiko mini da kwafi biyu, na Word da na PDF, wanda ya taimaka domin wasu shafuka suna fifita ɗaya a kan ɗaya.

Sun cire hotona da ranar haihuwata da matsayin aurena ba tare da sun tambaye ni inda nake neman aiki ba, kuma wannan sakaci ne ko da sakamakon ya yi mini daidai. Al'adar rubuta CV ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka ba a saka hoto ko shekaru, saboda dokar 1964 da ta hana wariyar launin fata da jinsi da addini wajen ɗaukar aiki, da ta 1967 da ke kare waɗanda suka kai shekara 40, sun sa kamfanoni suna gudun duk abin da zai jawo musu ƙara. A Jamus kuwa har yanzu mutane da yawa suna saka hoto duk da cewa ba dole ba ne. Wanda ke neman aiki a ƙasashen Tarayyar Turai yana da Europass, tsarin rubuta CV da aka fara amfani da shi a 2005, wanda kyauta ne kuma yana ba mutum damar bayyana iya harshensa da ma'aunin A1 zuwa C2 da masu ɗaukar aiki a can suka saba da shi. Kamfanin da ke karɓar kuɗi daga mutanen duniya ya kamata tambayarsa ta farko ta zama inda mutum ke neman aiki.

Wasiƙar neman aikin ba ta da wani amfani. Sakin layi uku ne na romon baka da gurbin da zan cike sunan kamfani, kuma tana da ƙamshin rubutun ƙirƙirarriyar basira, irin wanda ya cika ko'ina tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022. Na jefar da ita na koma rubuta gajeruwar wasiƙa ga kowane gurbi da hannuna.

Akwai wuri ɗaya da na so su taimake ni suka kauce, shi ne giɓin watannin da na yi ba aiki. Dabararsu ita ce a rubuta shekaru kawai a cire watanni don giɓin ya ɓuya. Ba ƙarya ba ce, amma ɓoyo ne da ba ya daɗewa, domin fom ɗin yawancin kamfanoni yana neman wata da shekara. Ina ganin tsoron giɓin ma ya wuce kima a wannan zamani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa sa'o'in aikin da aka rasa a 2020 sun yi daidai da cikakkun ayyuka miliyan 255, sannan a watan Janairun 2023 kaɗai Google ya sanar da sallamar mutum 12,000, Microsoft kuma 10,000. Masu ɗaukar aiki sun san da wannan, wasunsu ma abin ya taɓa su. A intabiyun da na yi, jumla ɗaya ta wadatar, cewa kamfaninmu ya rage ma'aikata kuma sashenmu na cikin waɗanda abin ya shafa, daga nan aka wuce zuwa wata tambaya.

Gyaran shafin LinkedIn ya zo a matsayin rubutu da zan kwafa in liƙa da kaina, kuma kusan maimaici ne na CV ɗin. Amfanin da ya yi mini shi ne ya sa na koma shafin da na yi shekaru ban buɗe ba. Dandalin ya fara aiki a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, kuma a 2023 masu rajista a kansa suka haura biliyan ɗaya, shekarar da shi kansa ya sallami ma'aikatansa fiye da 700 a watan Mayu, wanda ya nuna ko mai kasuwar guraben aiki bai tsira ba. Abin da babu wanda ya faɗa mini a cikin hidimar da na biya shi ne yadda ake samun labarin aiki ta hannun mutane. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa waɗanda ka sani sama-sama sun fi aminanka kawo maka labarin da ba ka da shi, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta wallafa wani bincike da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn cikin shekara biyar, wanda ya nuna cewa sanayya mai matsakaicin rauni ce ta fi kai mutum ga sabon aiki. Da na karanta haka sai na rubuta wa mutum goma sha biyu da na taɓa hulɗar aiki da su, ciki har da masu kawo mana kaya da wani mai binciken kuɗi da ke zuwa mana sau ɗaya a shekara. Ban roƙi kowa aiki ba, na dai sanar da su halin da nake ciki da irin gurbin da nake nema.

Kamfanin yana tallata garantin cewa idan ba a kira ka intabiyu cikin kwana sittin ba za a sake rubuta maka takardar kyauta. Duk mai niyyar biya ya karanta sharuɗɗan kafin ya saka lambar katinsa. Ba a mai da kuɗi, sai ka kawo shaidar yawan guraben da ka nema, kuma abin da za a ba ka shi ne wani rubutun daga hannun da ya yi na farko. Na kuma lura an riga an yi alama a wani akwati da ke sanya mutum cikin rajistar wata-wata ta turo guraben aiki, wadda da ban cire ba da an riƙa cirar kuɗi a katina. Takardar da mutum ke ɗorawa tana ɗauke da lambar wayarsa da imel ɗinsa da tarihinsa kaf, don haka babu dalilin saka cikakken adireshin gida ko lambar katin shaida a cikinta, musamman a lokacin da 'yan damfara ke tallata guraben bogi suna neman kuɗin fom ko na horo daga waɗanda ido ya rufe musu.

Game da sakamako, zan faɗi abin da ya faru ba tare da shafa wa labari shuni ba. A wata huɗu na farko da tsohuwar takarda an kira ni intabiyu sau ɗaya. A wata biyu da suka biyo baya an kira ni sau uku, amma ba zan iya danganta duka ga sabuwar takardar ba, saboda a daidai lokacin na daina watsa takarda ɗaya ga kowane gurbi, na koma zaɓar kaɗan ina karanta sanarwar da kyau, ina daidaita kalmomin takardar da waɗanda suka yi amfani da su matuƙar aikin da suka ambata na taɓa yin sa. Biyu daga cikin ukun kuma sun zo ne ta hannun waɗancan mutane goma sha biyu, ɗaya ta hannun mai binciken kuɗin nan da muka daɗe ba mu gaisa ba. Takarda mai kyau ba ta ƙara yawan gurabe a lokacin da kamfanoni suka dakatar da ɗaukar ma'aikata, kuma kamfanin bai taɓa faɗin wannan a ko'ina cikin tallarsa ba.

Wanda ya daɗe a wuri ɗaya har ya manta yadda ake bayyana aikinsa, ko wanda ke son sauya sana'a, ko wanda ke neman aiki cikin harshen da bai gama ƙwarewa wajen rubuta shi ba, zai iya cin ribar irin wannan hidima, da sharaɗin ya tabbatar akwai hira da mutum mai rai kuma wanda ya yi hirar shi ne zai yi rubutun. Ya sayi ƙaramin kashi, domin wasiƙar da gyaran shafin ba su kai kuɗinsu ba. Wanda ya kammala karatu kwanan nan kuwa, ko wanda kuɗin zai taɓa abin da ya ajiye don iyalinsa, ya nemi tsohon abokin aiki mai faɗin gaskiya ya zaunar da shi ya yi masa tambayar da matar nan ta yi mini, sannan ya buɗe Google Docs ya rubuta amsoshin a shafi ɗaya ko biyu marasa ado. Ni dai ranar Talata mai zuwa zan koma zagaye na biyu na intabiyu a wani kamfanin sufuri, kuma takardar da zan riƙe ita ce wadda suka tsara na gyara ta sau uku da hannuna, muƙamina yana nan a jami'in sito da sayayya.